Tukwicin Ragon Inna Kubura

Dabo yana da shagon turare a bakin kasuwar Daura, ɗan ƙaramin shago wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje yana shaƙar ƙamshi kyauta. Kayansa daga Jidda suke zuwa, daga hannun Alhaji Zakiyyu, wani mutumin garin Babban Mutum da ya tafi aikin Hajji tun yana saurayi, bai sake waiwayo gida ba sai ta waya. Turaren na da kyau, Alhajin kuma ba ya ha'inci. Matsalar ɗaya ce, yadda kuɗi za su tashi daga Daura su isa Jidda ba a gutsure su a hanya ba.

Dabo ya gwada banki. Bankin nan ya gutsura, wani bankin da bai taɓa jin sunansa ba ya tare a can ya gutsuri nasa. Ya gwada 'yan canji, su ma ba da baki rufe suke aiki ba. Ya taɓa damƙa wa wani mai tafiya Umara. Mutumin ya kai kuɗin lafiya lau, amma sai da ya gama ibada, ya ziyarci Madina, ya yi jinyar mura, sannan ya tuna.

Da Babbar Sallah ta matso, sai Alhaji Zakiyyu ya kira shi.

"Malam Dabo, wannan karon kada ka aiko ko sisi. Ka je Mai'adua ka sayi rago na kuɗin kayan, ka kai wa Inna a Babban Mutum ta yi layya. Ni ma duk shekara sai an gutsure nawa kafin su isa gida. Da ta kira ni ta sa mini albarka, sai in sa kayanka a jirgin kaya na ƙarshe kafin Sallah."

Cinikin Sallah shi ne cinikin shekara a wurin mai turare. Matarsa Zubaida ma ta riga ta yi wa matan unguwa alkawarin kwalaben da za su zo. In kayan ba su hau wannan jirgin ba, sai bayan alhazai sun dawo, lokacin da kowane gida yake da tsarabar turare, ba mai kallon shagon Dabo.

Ya leƙa shagon maƙwabcinsa Wilfred, mai sayar da kayan gyaran babur, ya ba shi labari. Wilfred ya daɗe a Daura, Hausa ta zauna a bakinsa, kuma shi ma bankuna sun sha gutsurar kuɗin kayan da yake aikawa ƙasar Caina.

"Ba caji ko kaɗan?" in ji Wilfred.

"Ko kaɗan."

"To ina rasit?"

"Inna ce rasit."

Wilfred ya goge hannunsa da tsumma. "Malam Dabo, ni rasit mai magana ban yarda da shi ba. Amma je ka gani."

Ranar kasuwar Mai'adua Dabo ya zaɓi rago fari mai baƙin kai, ƙosasshe, mai tafiya kamar yana bin kowa bashi. Washegari ya saka shaddarsa mai ruwan toka, ya fesa turare mafi tsada a shagon, ya ɗaure ragon a bayan babur, ya kama hanyar Zango. Kafin su isa Babban Mutum rago ya ɗauki ƙamshin Dabo, Dabo ya ɗauki ƙamshin rago.

A ƙofar gidan akwai dattawa zaune a kan dakali. Suka ga shadda, suka ji turare, suka ji ya ambaci Jidda, sai suka shiga ce masa Alhaji. Dabo bai taɓa wuce Kano ba, amma bai gyara musu ba. Ya amsa gaisuwar da wata murya mai nauyi wadda shi kansa bai san yana da ita ba.

Inna Kubura ta fito zaure tana dogara sanda. Tsohuwa ce 'yar ƙanƙanuwa, idonta garau. Dabo ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ga rago, daga Alhaji Zakiyyu."

Ta dubi ragon, ta shafa bayansa, ta ce madalla. Sannan ta kwance haɓar zaninta, ta zaro wata takardar kuɗi da ta sha naɗi, ta haɗa da goro biyu, ta miƙa masa.

"Ungo tukwici, ɗan nan."

Dattawan dakali suna leƙe ta ƙofar zaure. Mutumin da ake ce wa Alhaji, cikin shadda, ya miƙa hannu ya karɓi goro biyu da kuɗin sayen ƙosai? Dabo ya ja hannunsa baya.

"Haba Inna. Ai ba komai. Bar shi."

"Karɓi mana."

"Wallahi Inna ki bar shi. Ni ba sai an ba ni komai ba."

Ta sake miƙawa, ya sake ƙi. Sai ta tsaya tana kallonsa, kallon ya yi tsawo. Ta mayar da kuɗin haɓar zani a hankali, ta ƙulle. Idonta ya ciko.

"Na gane," ta ce. "Tun da nake ban taɓa ganin ɗan aike ya ƙi tukwici ba. Kai ka saya da kuɗinka. Ka ga wancan na Jidda ya manta da ni bana, shi ne ka laƙa masa don kada ya ji kunya."

Ba ta faɗin sunan Zakiyyu, don shi ne ɗanta na fari.

"A'a Inna, da gaske nasa ne."

"Ji shi," ta ce wa dattawan. "Har yanzu yana rufa masa asiri."

Dattawan suka ce irin waɗannan mutanen sun yi ƙaranci a zamanin nan. Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarma sabuwa, aka kawo fura, ta zauna ta shiga sa masa albarka. Ta sa masa, ta sa wa iyayensa, ta sa wa matarsa, ta tambayi sunan 'yarsa, aka ce Raihana, ta sa mata, ta sa wa babur. Dabo yana cewa amin, yana tunanin in Alhaji ya kira sai su gyara zancen a tsakaninsu. Albarkar kuma, gaskiya, ta yi masa daɗi.

Bai gama shiga Daura ba wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Dabo, me na yi maka?"

"Alhaji, rago ya isa lafiya."

"Na ji ya isa. Inna ta kira ni. Ta ce wani bawan Allah daga Daura, wanda ba ta haifa ba, ya kawo mata rago kamar maraƙi, ni kuwa da ta haifa ko kaza. Ta ce in ji kunya. Na ce nawa ne, ta ce in daina cin alhakin mutane. Ka ƙi tukwici?"

"Alhaji, goro biyu ne fa."

"Ko tsinke ne sai ka karɓa. Kai a ina ka girma?"

"To ai kai ka san ragon naka ne."

"Na sani. Amma ni ba rago na saya ba, ni a Jidda me zan yi da rago? Albarkar Inna na saya, kai kuma ka je ka zauna a tabarma ka shanye ta da fura. Yanzu tana jiran nawa ragon. Ka ci albarka, kuma in aiko maka da turare? Kayanka suna nan a ɗaure. Ranar da ta sa mini, ranar za su tashi."

Dabo ya gaya wa Zubaida a tsakar gida tana tankaɗe. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Baban Raihana, har babur ta sa wa?"

"Har babur."

"To madalla, ko ba komai ba zai ƙara mutuwa a hanya ba. Matan unguwa kuma in sun zo sai in ce su je su shinshina babur."

Wilfred shi dariya ya yi har ya zauna a kan tayar da yake sayarwa. Da ya huce ya ce, "Ka kai ƙara mana. Ga kotun shari'a nan kusa."

"In ce wa alƙali me? Tsohuwa ta sa mini albarka ba da izinina ba?"

"To koma ka ce ta ba ka goron."

Dabo ya koma. Wannan karon bai sa shadda ba. Ya yi dabara ya sayi buhun dusa a hanya, ya sauke a zaure, ya ce, "Inna, wannan kuma saƙo ne daga Alhaji Zakiyyu, abincin rago." Tun kafin ta taɓa haɓar zani ya riga ya miƙa hannu biyu. Ta ba shi goro ɗaya, ya karɓa da sauri, ya ɓantara a gabanta don ta gani.

"To Inna, tunda an fara, a haɗa da tukwicin ragon mana, na rannan."

"Wane tukwici? Mai kyauta ake ba tukwici? Kai dai ba ka gajiya da rufa wa wancan asiri." Ta sa aka kamo kaza aka ɗaure mata ƙafa. "Wannan ka kai wa Zubaida."

"Ita ce tukwicin?" in ji Dabo, da ɗan fata a muryarsa.

"Kyauta ce, daga uwa zuwa suruka. Kada ka ɓata mini rai."

Da yamma Alhaji Zakiyyu ya kira. "An samu ci gaba," ya ce. "Ta sa mini albarka. Ta ce Allah ya yi mini albarka, ko ba komai na tuna da ragon Dabo na aiko masa da dusa. Don haka zan aiko maka da turare na kuɗin dusa. Kwalba ɗaya, 'yar ƙarama. Sauran suna jira. Mai jirgin kaya ya ce jibi zai rufe karɓa."

Dabo ya zauna a ƙofar shago ya rasa abin yi. Kuɗin sayen rago na biyu babu. Ƙwace na farko kuma ba zai yiwu ba, don duk Babban Mutum ta san Alhajin Daura mai kyauta, har an ce liman ya ambace shi bayan sallar Azahar.

Wilfred yana da kayan da zai kai wa wani makanike a Baure, sai ya ce, "Shigo mota in kai ka. Ni dai ina son in ga wannan rasit da idona."

Washegari suka isa da hantsi. Dattawan dakali suka tashi suna "Alhaji, Alhaji." Dabo ya ce, "Dabo ne, mai turare. Ban je ba tukuna." Suka ce ka ji tawali'u.

Inna ta fito, aka shimfiɗa tabarma, ya ƙi hawa, ya tsuguna a ƙasa. Ya bar zancen ragon na wane ne, don ya ga duk lokacin da ya buɗe baki a kan wannan sai darajarsa ta ƙaru. Ya gaya mata abin da ke gabansa kawai, cewa kayan shagonsa sun maƙale a Jidda, in ba su taso gobe ba ya rasa cinikin Sallah, matarsa ta yi wa mutane alkawari, kuma ba shi da abin da zai fanshe su.

Inna ta dafa ƙirji. "Ka gani? Ka kwashe jarinka ka saya mini rago. Na faɗa wa mutanen nan." Ta buga sanda a ƙasa. "Ɗana yana cikin wannan hali, ni ina da rago a ɗaure yana cin dusa? Na ba ka shi. Ka je ka sayar ka fanshi kayanka. Layya in Allah ya kai mu baɗi."

Dabo ya buɗe baki zai ce haba Inna, ki bar shi. Wilfred ya taka masa ƙafa.

"Ya karɓa, Mama," in ji Wilfred. "Ya gode."

Dabo ya miƙe zai shiga ya kwanto ragon, ta tare shi da sanda. "Ina za ka? Kai za ka ɗauki kyautarka da hannunka kamar ka zo karɓar bashi? Fita waje ka jira. Wannan baƙon zai kawo maka. Kai mai mota, ya sunanka?"

"Wilfred, Mama."

Ta gwada sunan a bakinta, ta bar shi. "To mai mota, riƙe igiya."

Dabo ya fita ya tsaya a gindin darbejiya. Wilfred ya fito da rago, ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya gyara murya. "Salamu alaikum. Saƙo ne daga Inna Kubura." Ya miƙa igiyar da hannun dama, ya bar hannun a buɗe.

"Mene ne kuma?"

"Tukwici."

"Wilfred, daga nan zuwa nan?"

"Ni ba na ƙi. Na ga abin da ya sami wanda ya ƙi."

Dabo ya lalube aljihu ya ba shi abin da ya samu. Wilfred ya ɗaga kuɗin sama don dattawa su shaida, ya sa a aljihu. Sannan Dabo ya kira Jidda.

"Alhaji, ina da rago na sayarwa. Fari mai baƙin kai."

"Naka ne halak malak?"

"Yanzun nan aka ba ni, gaban shaidu."

"Nawa?"

"Kuɗin turarena."

"An cire kwalbar dusa?"

"Alhaji."

"To, na saya. Ka kai wa Inna. Malam Dabo, in ta miƙo maka ko ƙasa ce, ka karɓa."

Dattawa suka ce bai kamata rago ya fita ya koma nan take ba, sai ka ce wasan yara, a bari ya yi kamar ya zo daga nesa. Don haka Dabo ya ja shi suka zaga unguwa, ta bayan masallaci, ta wajen masu niƙa, ta gefen rijiya, Wilfred yana biye a mota a hankali yana danna oda. Ragon da ya saba kwanciya a inuwa ya tirje, Dabo ya ja, ya tirje, Dabo ya tura ta baya. A wajen masu niƙa ya ƙwace ya shiga wani lungu, sai da mata masu jiran gari suka tare shi da faifai. Kafin su dawo ƙofar gidan, rigar Dabo ta jiƙe, hularsa tana hannun Wilfred, ba wanda zai ƙara kuskuren ce masa Alhaji.

Ya yi sallama. Inna ta fito, ta dube shi, ta dubi ragon, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Lafiya, ɗan nan?"

Dabo ya tsuguna a bakin ƙofa yana haki. "Inna, aiko ni aka yi. Alhaji Zakiyyu ya sayi rago a hannun wani mutum, ya ce a kawo miki ki yi layya."

"A hannun wa?"

"Wani mai turare. Matsi ne ya sa ya sayar."

"Allah sarki," ta ce. "Allah ya yaye masa."

Ta kwance haɓar zani. Ƙullin ya yi tauri, ta daɗe tana fama da shi, ta sa haƙori, Dabo yana tsugune da hannu biyu a shimfiɗe, matan gida sun taru a bayan labule suna ƙunshe dariya. Ta zaro takardar kuɗin, ta dube ta, ta mayar, ta ce wannan ta yi wa ɗan aiken cikin gari yawa. Ta ba shi goro biyu da ƙwan zabi guda. Dabo ya karɓa, ya yi godiya da ƙarfi yadda na dakali za su ji, ya rasa inda zai sa ƙwan, ya riƙe shi a tafin hannu.

"Kira mini wancan," ta ce.

Wilfred ne ya danna lambar, don hannun Dabo ba sarari, ya buɗe murya kowa ya ji. Inna ta riƙe wayar nesa da bakinta ta ɗaga murya yadda za ta kai Jidda.

"Kai, na ga saƙo. Ka makara, amma na gani." Daga nan ta shiga sa albarka. Ta sa masa, ta sa wa kasuwarsa, ta sa wa 'ya'yansa da ba ta taɓa gani ba, ɗaya bayan ɗaya, yana tuna mata sunayensu. Ana jin muryar Alhaji Zakiyyu yana cewa amin, amin, Inna. Dattawan dakali ma suka ɗaga hannu.

Da ta gama ta sake duban ragon, wanda ya zube a ƙasa cikinsa yana hawa da sauka, ƙura ta ɓata farinsa.

"Amma in gaya maka gaskiya," ta ce, "naka bai kai na Dabo ba. Na Dabo ya fi ƙiba, ya fi haske. Baɗi ka tambaye shi inda yake saya."

"To, Inna," in ji Alhaji Zakiyyu. "Ba ni ɗan aiken."

Wilfred ya kanga wa Dabo wayar a kunne.

"Malam Dabo, ka karɓa?"

"Goro biyu da ƙwai. Ga shi a hannuna."

"Riƙe shi da kyau. Yanzu zan kira mai jirgin kaya."